In ɗiyanki sun fara wasan sallah, ga yadda za ki bi da su

Duk gidan da ke da ƙananan yara an san wanga abu, yaro ɗan shekara uku ko huɗu ya jawo ɗankwalin uwarshi ya shimfiɗa tsakar gida, ya toshe kunne da yatsu shina "Allahu akbal", ƙanwarshi na baya ta lulluɓe da hijabin da ya fi ta tsawo tana takawa tana faɗuwa. Mu kuma da mun gani sai tsawa, kai ba a wasa da sallah, wata ma har da dundu. Wallahi wagga tsawa ita nike so mu rage, don ta cikin wasan nan ne sallar ke shiga jikin yaro.

Kuma ba ɗiyan Musulmi kaɗai ke haka ba. Akwai masu bin wani coci a Amurka da ake ce ma Mormon, Joseph Smith ya kafa shi a 1830, hedikwatarsu na Salt Lake City a jihar Utah, nan Najeriya ma suna da haikali, wato babban ɗakin ibadarsu, a Aba tun 2005. Su ba su yi ma jariri baftisma, sai yaro ya kai shekara 8 a sa mai fararen kaya a nitsa shi cikin ruwa gaba ɗaya. Ran Lahadi samarinsu ke zagawa da gutsuren burodi da ruwa cikin ƙananan kofuna, in mutum bai da lafiya kuma a ɗiga mai man zaitun a ka, maza su aza hannu su yi addu'a. To mi kike tsammani ɗiyansu za su yi in sun koma gida? Su nitsa 'yar tsana cikin bahon wanka, su gutsura burodi su raba ma ƙanne, su aza hannu bisa kan wanda ya faɗi ya ƙuje gwiwa. Aƙidarmu da tasu ba ɗaya ba ce, amma yaro ko ina yake abin da ya ga manyan gida sun riƙa da girma shi yake kwaikwayo.

Abu na farko, ki tsaya daga nesa ki kalla, kar ki katse su kuma kar ki ƙyalƙyale da dariya, balle ki zaro waya ki ɗauka ki sa a status. Yaron da anka yi ma dariya gaban mutane ko ya daina, ko ya mai da abin wasan ban dariya don ya ga shi ke jawo mai tafi. Ki dai saurara da kyau don sallarki ce za ki gani a jikinshi. In ƙaramin limamin na sujada kamar kaza na tsattsagar gero, ko shina sallama ya juyo ya hau faɗa, a cikin gida ya gani.

Ga mai cewa ai raina addini ne, a tuna mata labarin Abu Mahzura. Bayan yaƙin Hunaini shi da wasu matasa sunka ji ladanin Manzon Allah (SAW) na kiran sallah, sai sunka kama kwaikwayonshi da ƙarfi, kuma nasu ma ba koyo ba ne, tsokana ce suke. Annabi ya sa anka kawo su, ya tambayi wane ne mai muryar nan da ta fi tashi, sunka nuna Abu Mahzura. Bai buge shi ba, bai kore shi ba, da kanshi ya koya mai kiran sallah kalma kalma, ya shafi goshinshi ya yi mai addu'a, daga baya shi ya zama ladanin Makka. In mai tsokana ya samu haka, ina ga ɗanki da ke yi don sha'awa? Ga Umama jikarshi da yake ɗauka shina sallah, ga jikanshi da ya hau bayanshi a sujada ya tsawaita har yaron ya sauka don kanshi.

Gyara kuma ba cikin wasan ake yi ba. Ki bari sai lokacin sallar gaske, ki ce zo mu yi alwala tare, ki gyara abu guda kawai, yau wanke gwiwar hannu, wani satin fuskantar gabas. Hadisin da ke cikin Abu Dawud shekara 7 ya ce a fara umurtar su da sallah, ɗan shekara huɗu babu abin da ake bin shi, don haka in ya yi Magariba raka'a tara da ruku'u biyar ba wani ƙabli da ba'adi.

Ki ba shi kayanshi na kanshi, 'yar darduma, ƙaramar buta, hula ko hijabi daidai shi, Tsohuwar Kasuwa ta Sakkwato cike take da su. Lokacin tashin alhazai a samu kwalin indomi a yafa mai baƙin ƙyalle su yi ɗawafi, su ƙirga bakwai.

Amma akwai wuraren da za ki ja layi, nan babu lallashi. Mus'hafi da allon da ke da aya ba kayan wasa ba ne, in suna wasan makaranta ki ba su allo wankakke da gawayi, kuma ki karɓe tsumagiya daga hannun ƙaramin malam don da gaske zai zabga ma ƙanne. Wuƙa ita ta fi ban tsoro. Bayan babbar sallah yaro ya ga an kada rago an yanka, kuma a wasa wani ne zai zama ragon, don haka duk wuƙaƙen layya a wanke a kai sama inda hannu bai kai, a kuma zaunar da shi a gaya mai yanka na manya ne, ba a ɗora ko kara a wuyan mutum. Sai ruwa. Ƙaramin yaro na iya nitsewa cikin ruwan da bai kai rabin bokiti ba kuma babu ihu, shi ya sa wasan baftisman can ma da 'yar tsana kaɗai ya kamata ya tsaya. Mu nan a rufe rijiya da randa da duro, wasan alwala da buta kaɗai. Wasan ruƙiyya ma ki sa ido, kar a danne ƙarami ana mai ihu cikin kunne ana fita fita, ko a ɗura ma jariri tawada wai rubutu.

Wasan jana'iza shi tsofaffi sunka fi ƙi, za ki ji kaka na cewa mugun fata ne, suna jawo mutuwa. Ni dai a ganina ajali ba wasan yara ke kawo shi ba, kuma sau da yawa bayan an yi rashi a gida ko maƙwabta ne suke fara shi, abin ne ya tsaya musu a rai ba wanda ya yi musu bayani. In 'yar tsana sunka naɗe ki ja yaron gefe ki tambaye shi mi ya gani ran nan, ki amsa mai da gaskiya daidai hankalinshi. In ɗan uwansu sunka naɗe da zane har fuska, nan take ki tada wasan. Kakar kuma kar ki yi mata gardama gaban su, ki ce Inna ki yi haƙuri zan kula da su, ki sauya musu wuri.

Ki kuma bambanta kwaikwayo da ba'a. Yaro ya yi kiran sallah daban, ya kwaikwayi in'inar ladanin unguwa ko ɗingishin liman ana dariya daban, haka in wasan ya koma zagin masu ƙabalu ko masu sadalu, ko waƙar cocin maƙwabta ana musu gwalo. Wanga ki tsaida shi ki ce mu ba mu yi ma mutane haka. In kuma kawai ya jiyo waƙar ce daga ɗan ajinsu shina rerawa, ba abin tashin hankali ba ne, ki ce wannan tasu ce, ga tamu, ki biya mai wani abu da ya iya.

Azumi ma ta wasa yake farawa, yaro za ya tashi sahur ya ce shi ma ya ɗauka. Sahabiya Rubayyi'u ta ba da labarin yadda suke yi ma yara abin wasa da ulu ran Ashura don su shagala har a sha ruwa. Ki bar shi ya ɗauka, amma zafin Sakkwato in ya haura digiri 40 ba na ɗan shekara biyar ba ne, da Azahar ta yi ki ba shi ruwa da kunu, ki rubuta mai rabin yini a bangon ɗaki, gobe in ya so ya ƙara wani rabin.