Kafin ka kai yaronka sakandare a Gombe: kurakuran da muke ta maimaitawa

Duk shekara idan dogon hutu ya kama, waya ba ta barina in huta. Wannan ya kira, wancan ya aiko: "Malam, yaron nan ya gama firamare, wace makaranta ce mai kyau a garin nan?" Na daɗe ina koyarwa a sakandare, na kuma kai nawa 'ya'yan maza, don haka na san nauyin tambayar. Sai dai lokacin da ake yin ta shi ne kuskuren farko. A watan Agusta babu abin da za ka gani a makaranta sai gini da mai gadi. Wanda yake son ya san makaranta, tun yaronsa yana zango na biyu a aji shida ya kamata ya fara yawo, lokacin da ɗalibai da malamai suke ciki.

Da yake a hutu muke zuwa, da ido muke zaɓe. Sabon fenti, dogon get, motar ɗaukar yara, yunifom mai kyau, sai zuciya ta kwanta. To, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ka je ranar Talata ko Laraba wajen ƙarfe sha ɗaya, ba tare da ka sanar ba. Ka leƙa azuzuwa ka ga nawa ne suke da malami a tsaye, nawa ne yara suke ta surutu su kaɗai. Ka roƙi izini a ba ka littafin lissafi na wani ɗan JSS1, ka duba ranar ƙarshe da jan biro ya taɓa shi. Ka tambayi malamin Turanci shekararsa nawa a wurin. Makarantar da malamai ke shigowa suna fita duk zango, albashi ne ba ya isa ko ba ya zuwa a kan kari, kuma a kan yaronka abin zai ƙare. Kafin ka fita, ka nemi a nuna maka banɗakin ɗalibai. Shugaban makarantar da ya hana ka ganin waɗannan ya riga ya ba ka amsa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne bin sakamakon WAEC ido rufe. Sai ka ji uba yana cewa, "Ai makarantar nan ba a faɗuwa." Ka tsaya ka yi tunani: wane aji ne a duniya da babu mai rauni a cikinsa? Kowa ya san akwai wuraren da ake rubuta amsa a allo ranar jarrabawa, iyaye kuma su ne suke biyan kuɗin. Yaro ya fito da kiredit tara, ya je ya zauna gaban kwamfutar JAMB shi kaɗai, asiri ya tonu. Wanda ya tsallake ma, ajin farko a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere zai tankaɗe shi. Ga kuma haɗarin WAEC ko NECO su riƙe sakamakon cibiyar gaba ɗaya, mai laifi da marar laifi. Abin da ya fi wannan muni, ka koya wa ɗanka tun yana ɗan shekara sha shida cewa da kuɗi ake sayen abin da ba a wahala a kansa ba, kuma da hannunka ka biya.

Akwai tambaya ɗaya da take raba gardama: ɗalibai nawa ne a SS2, kuma nawa makarantar ta yi wa rajistar jarrabawar ƙarshe bara? Idan 'yan SS2 arba'in ne amma masu zana jarrabawa sun kai ɗari biyu, kasuwa ce aka buɗe. Ka kuma tambayi makin JAMB na ɗalibansu, don shi ya fi wuyar yi wa kwaskwarima. Idan makarantar kuɗi ce, ka ga takardar amincewar Ma'aikatar Ilimi da lambar cibiyarsu ta WAEC da NECO. Wasu ba su da ita, sai an kai SS3 a kwashi yara zuwa wata makarantar da ba ka taɓa takawa ba.

Mu kan manta kuma cewa shekara shida muke zaɓa, ba JSS1 kaɗai ba. Wannan a gidanmu ya faru. Ɗan yayana, yaro mai kai, tun yana ƙarami likita yake cewa zai zama. An sa shi a wata makarantar kuɗi kusa da gida, ƙaramar sakandare ta tafi lafiya lau. Sai da ya kai SS2 na karɓi littattafansa, na ga na fiziks shafi kaɗan ne aka rubuta. Ashe malamin ya tafi tun zangon farko na SS1, ɗakin gwaje-gwajen kuma ɗaki ne kawai mai kwaɗo a ƙofa. Na ce wa yayana, "Hamma, yaron nan fa ba a koya masa fiziks." Ya ce, "Ai ni ina ganin yana zuwa na ɗaya, shi ya sa ban bincika ba." Sai da muka sauya masa makaranta ya maimaita aji. Har yau ina jin ciwon shekarar nan, don ni ne malami a gidan, ni ya kamata in duba da wuri.

Mai son karatun likita, JAMB za ta nemi Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji. Mai son injiniya, lissafi ne zai maye gurbin bayoloji. Kuma a duka biyun, sai da kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Don haka tun ranar farko ka nemi ganin malaman waɗannan darussa da idonka, a buɗe maka ɗakin gwaje-gwaje ka ga ko akwai alamar ana taɓa kayan. Amma kada ka ce dole kowane yaro sai kimiyya. Wani hannunsa ne yake da basira, makarantar koyon sana'a da jarrabawar NABTEB ta fi masa amfani. Wani ya yi nisa a hadda da Larabci, akwai makarantun da ke yin jarrabawar NBAIS. Tura irin waɗannan ajin kimiyya don a ce ɗan wane ɗan kimiyya ne, zalunci ne.

Sai maganar hanya, wadda a wurin ɗa namiji ba ƙarama ba ce. Yaron da ka kai yana ɗan shekara sha ɗaya ko sha biyu, da gashin baki zai fito. Idan gidanka yana Tunfure ka kai shi makaranta a Pantami, ko kana Bolari ka tura shi can wani gefen gari, ka lissafa kuɗin Keke Napep na kullum, ka kuma lissafa awannin da ba ya gida ba ya makaranta. Tsakanin tashi daga makaranta da magariba ne yara suke lalacewa: gidan kallon ƙwallo, majalisar bakin titi, abokin da zai miƙa masa abin da bai taɓa sha ba. Mutanen Gombe ba sa bukatar a yi musu bayanin yadda 'yan kalare, wato 'yan daban garin, suke samun sababbin yara. Ka bi hanyar da kanka sau ɗaya a lokacin tashi, ka ga inda ɗaliban makarantar suke tsayawa. Ka tambaya ko ana kiran suna safe da rana, kuma ko za a kira ka idan bai zo ba. Ka duba kada lokacin tashi ya cinye masa Islamiyya. Makaranta matsakaiciya da yaro zai taka da ƙafa, kana sane da shigarsa da fitarsa, sau da yawa ta fi shahararriya mai nisa.

Wasu kuma da yaro ya fara gagara sai su ce a kai shi makarantar kwana ya gyaru. Makarantar kwana ba gidan horo ba ce. Yaron da bai iya wanke kayansa ba, ko mai sikila ko asma, ko mai shiru-shirun da ba ya iya kai ƙara, ka yi dogon tunani kafin ka miƙa shi hannun 'yan siniya. Idan ka yanke shawarar kai shi, ka tambaya ina suke samun ruwa a watan Maris da Afrilu, wane malami ne yake kwana kusa da ɗakunansu, wa ke duba su idan zazzaɓi ya kama da dare, kuma me ake yi wa siniyan da ya daki ƙarami. Ka shiga ɗakin cin abinci lokacin da ake rabo. A nan shawarar uwar yaron ta fi taka, don ita ta san abin da zai iya ɗauka. Ranar ziyara kuma kada ka tsaya a miƙa gari da sukari. Ka ja shi gefe, ka dubi jikinsa, ka saurare shi. Kada ka amsa kukansa da "ai namiji ne, mu ma haka muka yi."

Kuɗi kuwa, lissafinsa a fili yake: zango uku sau shekara shida, zango 18 ke nan, ban da littattafai da yunifom da kuɗin jarrabawa, kuma kuɗin makaranta hawa yake yi. Ka zaɓi wadda za ka iya biya a shekarar da kasuwa ta ƙi, tare da ƙannensa da ke tafe. Korar yaro daga aji saboda bashi tana karya masa zuciya fiye da yadda muke zato. Kada kuma ka raina makarantun gwamnati tun ba ka leƙa ba. Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Billiri, alal misali, ta hanyar jarrabawar shiga ta ƙasa da NECO ke shiryawa ake samun gurbinta, kuma rajistar tun yaro yana aji shida ake yi. Iyaye da yawa sai ta wuce suke tunawa.

Ranar cike fom ɗin shiga makarantar, ka ɗauki takardar haihuwarsa da ta NIN ka tafi da su. A rubuta suna da ranar haihuwa daidai yadda suke a ciki, harafi da harafi. Idan Muhammad ne a can, kada a rubuta Mohammed a nan, kada kuma sunan kaka ya maye gurbin na uba. Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN, kuma na ga iyaye suna zirga-zirgar kotu da ofisoshi ana gobe za a rufe rajista, saboda harafi ɗaya da wani magatakarda ya rubuta shekara shida da suka wuce. Kafin ka sa hannu, ka ba yaron fom ɗin ya karanta sunansa da bakinsa.