Ga masu shirin JAMB da WAEC: taransfoma da da'ira

Assalamu alaikum 'yan'uwa ɗalibai na Agege da Idi-Araba. Tambayar taransfoma kyauta ce idan ka riƙe abu ɗaya: yadda yawan naɗin waya ya ragu, haka ƙarfin wuta, wato bolt, zai ragu. Ɓangaren shiga naɗi 1,000 ne da bolt 240, ɓangaren fita naɗi 50? To 50 kashi ɗaya ne cikin 20 na 1,000, sai ka raba 240 da 20, ka samu bolt 12. Shi kenan. Amma ampiya, wato yawan wutar da ke gudana a waya, akasin haka take yi, ita ƙaruwa take sau 20, in an ce ba a yi asarar wuta ba.

Inda aka fi faɗuwa kuwa wajen da'ira ne. Ana ba ka faɗinta gaba ɗaya, alhali πr², lissafin girman filin da'ira, rabin faɗin (r) yake so. Tankin ruwa mai siffar ganga, mai faɗin mita 1 da tsayin mita 2: r ɗinka 0.5 ne, ka ninka πr² da tsayin, ya ba ka kusan mita kubik 1.57, wato lita 1,570. In ka yi kuskuren sa 1 a matsayin r, amsar za ta ninka sau huɗu, kuma sau da yawa wannan amsar ta kuskure tana cikin zaɓin da aka jera maka.