Idan Hita Marar Tanki Ta Fara Ba Da Ruwan Sanyi

'Yan uwa, kafin ku kira mai gyara, ku duba ƙarfin ruwa tukuna. Irin wannan hita ba ta kunnuwa sai ruwa na gudu sosai a cikinta, shi ya sa in kan shawa ya toshe sai zafin ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Ku kashe wuta ko gas, ku rufe ruwa, ku kwance 'yar ragar da ke bakin bututun shigar ruwa ku wanke. Yashi kan taru a nan.

In ruwanku mai barin farin ɓawo ne, a zagaya ruwan khal a cikin hitar na kamar minti 45, sau ɗaya a shekara.

Amma in kun ji warin gas, don Allah kar ku taɓa makunnin wuta. Ku rufe gas ɗin, ku fita, ku kira ƙwararre.