Darasi na 7: Ina Ribar Albasa Ta Shiga?

A kasuwar Tawa da dala muke ciniki, amma lambar da ke kan takardar kuɗi tamma ce. Nan sabon mai rubuta lissafin sana'a yake fara tuntuɓe. Dala ɗaya tamma 5 ce. In an ce dala ashirin, 100 za ku rubuta. Dala ɗari kuwa 500. Jika ɗaya, wato dala metan, 1.000. Takardun sefa da BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, yake fitarwa biyar ne: 500, 1.000, 2.000, 5.000 da 10.000. A cikin kaye, lambar da ido ke gani a kan kuɗi ita ake rubutawa. Wanda ya gauraya dala da tamma a shafi ɗaya, gobe shi kansa ba zai gane rubutunsa ba.

To, ga wata mai sayar da albasa. Ta aika Galmi, garin da ke kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, aka sayo mata buhu biyu, kowane 15.000. Ta kasa albasar kashi-kashi, kashi ɗaya dala arba'in, wato 200. Cikin kwana shida ta sayar da kashi 190. Cinikinta 38.000 ke nan.

Maƙwabciyarta ta tambaye ta riba, ta ce jika takwas, tunda ta sayo a 30.000 ta sayar 38.000. Ku kwatanta lissafin kafin ku ci gaba da karatu. Ta yi daidai?

Ba ta yi ba, don albasa ba da ƙafarta ta zo daga Galmi ba. Ku ja layi a tsakiyar shafi. Hannun dama na abin da ya shigo ne, hagu na abin da ya fita. A hagu ku sa:

Buhu biyu: 30.000
Kuɗin mota: 3.000
Ɗan dako: 500
Harajin kasuwa: 500

Jimla 34.000. Wannan ita ce uwar kuɗi. A cire ta daga 38.000, saura 4.000. Ribar ke nan, rabin abin da ta faɗa.

Amma ranar da za ta sake aika saƙo Galmi, ta zazzage lalitarta ta ƙirga, sai ga 33.500. Hankalinta ya tashi, har ta fara zargin yara. Babu wanda ya taɓa mata ko dala. Wata mai tuwo ta ɗauki albasar 1.500 bashi, ba ta biya ba tukuna. Ita kuma kullum tana zarar dala ɗari ta yi cefane. Kwana shida, 3.000. Haɗa biyun, 4.500. Cire daga 38.000, ga 33.500 ɗinta. Ba laifi ba ne a ci daga sana'a, ai don haka ake yin ta. Sai dai cefane da bashin sun zarce ribar da 500, kuma daga jikin uwar kuɗi suka gutsuro ta. In aka yi haka sau goma, jika biyar ta tafi ba a ji ƙararta ba.

Shi ya sa bashi yake da nasa shafi: suna, rana, adadi. Cefane ma a rubuta shi ranar da aka zara, ko da dala goma ce.

Aiki

1. Rubuta da tamma: dala hamsin, dala ɗari da hamsin, jika uku da rabi.

2. In mai tuwo ta biya bashinta, nawa zai kasance a lalita? Nawa ya rage daga ribar?

3. A ce zafi ya ruɓar da kashi 25, aka sayar da 165 kaɗai. Riba aka ci ko faɗuwa aka yi, kuma ta nawa?

4. Kowa ya rubuta shige da ficen sana'arsa na kwana uku, ya zo da kayen ranar darasi na gaba.