Yadda za ka gwada manhajar waya kafin ka sake ta ga jama'a

Idan kai ka gina manhaja, gwajinka ba zai nuna maka komai ba, domin yatsanka ya riga ya haddace hanya. Fara da nemo mutum biyar da ba su taɓa ganinta ba. Jakob Nielsen, masani a wannan fanni, ya bayyana a 2000 cewa mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin da masu amfani ke cin karo da su. Kada ka kwaso abokanka 'yan kwamfuta. In manhajar ta 'yan kasuwa ce, shiga Kasuwar Barci ko Kasuwar Gumi a Kaduna ka roƙi masu shago minti goma.

Ajiye babbar wayarka. Sa manhajar a ƙaramar Itel ko Tecno, irin wadda gilashinta ya tsage, ta cika da hotuna.

Sai ka ba mutum aiki guda: "Alhaji, don Allah tura wa yaronka naira dubu biyu." Daga nan ka ja bakinka ka yi shiru, kuma nan ne wuyar take. In ya ce "Ina zan danna?", ka ce "A ganinka fa?" Yatsansa za ka kalla. Mutanenmu akwai kara, zai ce "Ta yi kyau, Allah ya sanya albarka," alhali sau uku yana komawa baya yana neman inda aka ɓoye maɓallin. Rubuta inda ya tsaya yana tunani, da inda ya miƙo maka wayar.

Bayan nan duba abin da ake aunawa. Google na ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza 48dp, Apple kuma 44pt (dp da pt ma'aunan girman abu ne a fuskar waya). Ƙa'idar WCAG, wadda ake bi don kowa ya iya karanta shafin intanet da amfani da shi cikin sauƙi, ta nemi bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5:1, amma fita rana tsaka a Kawo ka gani da idonka, rubutu mai ruwan toka ɓacewa yake yi ɓat. In akwai Hausa a ciki, tabbatar ƙ, ɗ da ɓ ba su koma akwatuna ba.

Kashe data ana tsakiyar biya. Me manhajar ta ce? Dole mutum ya san ko kuɗinsa ya fita ko bai fita ba.

Wajen gyara, fara da abin da ya hana aiki kammaluwa, launi ya jira. In ka gama, nemo wasu sababbin mutum biyar ka sake.