Kurakuran da aka fi yi wajen gwada kayan haƙar mai a zurfin teku

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a gwada kaya a kan busasshiyar ƙasa, a ga sun yi aiki, a ce shi ke nan. A filin mai na Bonga da ke cikin teku, nesa da gabar Najeriya, zurfin ruwa ya haura mita 1,000. Kowace mita 10 tana ƙara nauyin da ya kai na iskar da ke kanmu, ga sanyin da ya kusan digiri 4. Ƙarfen da ya jure guduma a masana'anta yana iya tsagewa a can. Don haka a yi gwajin a cikin irin wannan sanyi da matsi.

Rijiyar mai ta Macondo da ke Tekun Meziko ce ta tona asirin wannan a Afrilun 2010, lokacin da jirgin haƙa Deepwater Horizon ya kama da wuta, mutum 11 suka rasu. Na'urar toshe bakin rijiya, wato BOP, tana da wuƙaƙen da aka yi don su datse bututu su rufe rijiyar. Matsi ya lanƙwasa bututun ya kauce daga tsakiya, wuƙaƙen suka kama shi a karkace, ba su rufe ba. A ganina, duk wanda bai gwada wuƙaƙensa da lanƙwasasshen bututu ba, bai gwada komai ba. Bincike ya kuma gano batirin da cajinsa ya yi ƙasa da waya da aka haɗa ba daidai ba a na'urorin ko-ta-kwana na BOP ɗin. Kayan ko-ta-kwana su ma a riƙa gwada kowanne shi kaɗai.

Daren da abin ya faru an yi gwajin rage matsi don a ga ko rijiyar ta toshe, ma'auni ɗaya ya nuna matsi na dawowa, ɗayan bai nuna ba, aka nemo masa hujja aka wuce. In ma'aunai biyu suka saɓa, a tsaya.

Sai bol da noti, da ake rainawa. A 2012 wasu suka karye a jirgin haƙa Discoverer India saboda haidurojin da ya shige su wajen shafa tutiya, ba a gasa su yadda ya kamata ba bayan shafin. Ƙarfe mai tauri fiye da kima ya fi saurin kamuwa da wannan. Inda akwai iskar H2S, mai guba da warin ruɓaɓɓen ƙwai, taurin ƙarfen kabon kada ya wuce 22 a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell C.