Matakan Shirya Keke Kafin Shiga Hanyar Kurmi

Da farko, mahayin da ya taso daga Agege ko Mile 12 ya ɗora kekensa a mota zuwa garin Epe da ke gabashin jihar Legas, domin hawan keke a cunkoson Legas kasada ce marar riba. Idan ya sauka, ya gwada birki, ya sa wa sarƙa mai, sannan ya ɗan rage iskar tayoyi, saboda hanyoyin ƙafa da ke ratsa kurmi a gefen ruwa suna da yashi da taɓo, kuma taya mai tauri tana santsi a kansu. Ya tafi da famfo, kayan faci da ruwan sha. A fita da sassafe, tsakanin Nuwamba da Maris, domin da damina ƙoramu kan cika su yanke hanya.